Rahoton Kwamitin Gyaran Azuzuwan Baba Dagaci

Assalamu alaikum. Wannan bayani ne daga kwamitin da jama'ar gari suka ɗora wa alhakin gyaran tsohon ginin firamare, azuzuwa biyu da ofishin hedimasta, wanda iskar farkon damina ta yaye wa rufi. Aiki ya kammala, yara sun koma ciki, makullai na hannun hedimasta. Mun rubuto ne musamman domin 'yan'uwa da ke Kano, Kaduna, Abuja da Legas, waɗanda suka yi ta turo gudummawa ba su ga aikin da idonsu ba.

Yaran yanzu da yawa ba su san abin da ya sa ake kiran ginin da sunan Baba Dagaci ba. Marigayin, Allah ya jiƙansa, manomi ne tun tasowarsa: gero, dawa, wake, sai gyaɗa, wadda a lokacin ita ce kuɗin haraji da na aure a ƙasar Gumel. Farin 1973 bai bar kowa ba, kafin mutane su farfaɗo kuma sai ga cutar gyaɗa ta 1975, ganye ya nannaɗe, gona ta tashi a tutar babu. Abin da ya cece shi shi ne ginin da ya koya a cirani a Kano. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta, aka shiga neman azuzuwa a kowane lungu. Lokacin muna cikin jihar Kano, don sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. A shirin UPE ɗin ne ya sami kwangilarsa ta farko, wato wannan ginin, a garinsu, a gaban idon iyayensa. Sarauta ta same shi daga baya, kuma har ƙarfinsa ya ƙare bai daina bin garmar shanu da kansa ba, ko da hakimi zai aiko sai dai a same shi a gona.

A zaman farko an yi ta ja-in-ja. Wasu suka ce a rushe a ɗora sabo, tunda sanin kowa ne azuzuwan UPE da dama an yi musu rowar siminti, tuni suka koma kufai. Dattawa suka ce a bari magini ya duba tukuna. Da ya zo, sai ya kankare shafen bangon gabas ya kafa ƙusa a jikin bulo. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ma haka. Ya ajiye guduma ya ce, "Ranku ya daɗe, wannan bango ba da ni za a rushe shi ba." Aka tona gefen harsashi, aka tarar ko tsagewa babu. Maganar rushewa ta mutu a nan.

Da aka sauke ragowar kwano ne muka gane inda matsalar take. Azarar giginya da marigayi ya sa tana nan daram, gara ba ta sami abin ci a jikinta ba. Amma a wani gyara da aka yi can baya an cire wasu aka maye gurbinsu da katako ɗanye, ba magani, ba a kuma ɗaure shi da bango ba. Gara ta rarake shi har yatsa na shiga, ta nan iska ta sami kafa. Azarar da ke da lafiya mun mayar da ita wurinta. Sabon katako kuwa an shafe shi da maganin gara da baƙin mai, aka ɗaure shi da langa-langa cikin bango kafin a buga kwano.

Ba za mu ɓoye ba, aikin Baba ma yana da nasa aibi. Tagoginsa ƙanana ne, wanda ke bencin baya da ƙyar yake ganin allo ko da hantsi, kuma bai yi baranda ba. Mun faɗaɗa tagogin muka zuba musu linta da rodi, wanda shi ne ya fi cin lokaci, saboda taurin bulon nan da muke yabo. An sake daɓe, an yi shafe, silin da fenti, an gyara allo.

Kuɗi ya ba mu wuya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin ɗauko kaya ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har muka dakatar da aiki na ɗan lokaci. Wani mai tifa ya kawo mana yashi rabinsa ƙasa, muka mayar masa, aka yi cacar baki. Daga nan samari suka ɗauki gayya suna kwaso yashi da amalanke. Mata sun riƙa aiko da kunu da fura, wani bawan Allah kuma ya kai ragonsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya kawo kuɗin gaba ɗaya, ya ce kada a faɗi sunansa. Cikakken lissafin shiga da fita yana manne a ƙofar ofishin hedimasta, an kuma tura hotonsa a zauren WhatsApp na gari. Duk mai tambaya ya tuntuɓi ma'aji.

Ranar miƙa makullai, bayan liman ya yi addu'a, Inna uwargidan marigayi ta aiko jikanta da ƙunshi a tsumma. Cokalin gininsa ne, bakinsa ya cinye, da igiyar awo. Mun rataye su a ofishin hedimasta.

Baranda ba ta samu ba, benci ma bai isa ba, 'yan aji ɗaya na zaune a kan tabarma. Mun dasa darbejiya a layi ta gabas domin tare iska, amma awaki sun riga sun cinye wasu. Muna roƙon maƙwabtan makaranta su taimaka da ƙaya a kewaye sauran, a kuma riƙa ba su ruwa har damina ta sauka.