Godiya ga Gidan Abincin da Ya Ciyar da Mahaifiyata a Tromso

Zuwa ga mai gida da ma'aikatan ɗan gidan abincin nan na katako da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Tromso, a arewacin ƙasar Norwe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na yi muku godiya da yarenku a ranar da muka zo, amma ban ji na ƙoshi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da Hausa, don 'yan uwana da karatu ko aiki ko aure ke kawowa wannan gari su san cewa akwai inda za su kai iyayensu su ci abinci hankali kwance.

Inna ta zo mini wankan jego ne daga Katsina a ƙarshen Disamba. Wanda bai taɓa zuwa nan ba zai yi wuya ya gane abin da hakan ke nufi ga tsohuwar da ta saba shanya a tsakar gida. Tromso tana can arewa da layin yankin Aktik, wato yankin ƙanƙara na ƙurewar arewacin duniya, da kusan kilomita 350, kuma daga ƙarshen Nuwamba rana ke faɗuwa, ba a sake ganin ƙwayarta a cikin gari sai wajen 21 ga Janairu. Inna ta sauka cikin wannan duhu. Kilishin da ta so ta taho da shi tun a gida muka hana ta, domin doka ba ta yarda a shigo da nama daga wajen Turai ba. Abin da ya rage a jakarta shi ne kuka, da kuɓewa busasshiya, da gwangwanin yajin jego da ta daka da hannunta.

A gida babu matsala, ita ke girki. Matsalar waje ce. Sau biyu maigidana ya fita da ita don ta sha iska, sau biyu ta dawo da yunwa. A wuri na farko ya tambaya ƙarara ko akwai naman alade a miyar kifi, aka ce babu. Da kwano ya iso sai ga gutsattsarin soyayyen naman alade an barbaɗa a kai kamar ado. Da ya yi magana, yaron da ke kawo abincin ya ɗauko cokali wai zai tsame masa su. A wuri na biyu kuwa, ɗaya daga cikin manyan wuraren nan da masu zuwa kallon hasken nan mai launi da ke bayyana a sararin samaniyar arewa da dare ke cikawa, ko tsayawa ba a yi an saurari tambayar ba. Aka nuna masa takarda da yatsa aka wuce teburin gaba. Daga ranar Inna ta ce ita da cin abincin waje a ƙasar nan haihata-haihata. Ban ga laifinta ba.

Ranar da muka yi arba'in, a farkon Fabrairu, na dage sai mun fita. Makon bikin al'ummar Sami ne, wato 'yan asalin wannan yanki na arewa, gari cike da mutane sanye da shuɗayen riguna masu jan ado, ana shirin tseren barewar ƙanƙara a babban titin Storgata. Sanyi ya kore mu daga titi, muka shigo wurinku ba don mun san ku ba, sai don mun hango wuta ta taga.

Baiwar Allahn da ta tarbe mu, mai furfura a gaban goshi da tabarau rataye a wuya, ita ce dalilin wannan wasiƙa. Mutanen nan suna barin jarirai a cikin kekensu a waje suna barci cikin sanyi, al'adarsu ce, amma tana kallon fuskar Inna ta gane ba za a yi haka da jikanta ba. Ta janye kujera biyu, ta yi wa keken wuri a kusurwar da ta fi ɗumi. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da mu da takardar abinci a hannu, ta ce in gaya mata abin da mahaifiyata ba ta ci.

Na gaya mata. Ta bi takardar layi bayan layi. Na nuna boknafisk, kifin da ake ratayewa a iska kamar mako biyu ya yi rabin bushewa, domin na ɗauka kifi ai kifi ne. Ta girgiza kai ta ce a'a, a al'adance da naman alade da kitsensa ake kawo shi, kuma nasu a kasko ɗaya ake haɗawa. Na nuna finnbiff, naman barewa da ake yankawa siriri a dafa da madara mai kauri da laimar kwaɗi, wanda yana cikin abinci mafi tsada a takardar. Ta ce naman daga makiyayan Sami yake zuwa, mai kyau ne, amma ba za ta ce mini yankan Musulmi ba ne alhali ba shi ba ne. Na san a cikinmu akwai masu ci, kowa da malaminsa, amma Inna ba ta cin naman da ba ta san yankansa ba. Matar nan da bakinta ta hana kanta ciniki mai tsoka. Da na fassara wa Inna sai ta ajiye carbinta a kan tebur ta ce, "'Yar nan tana da tsoron Allah."

Abin da ta zaɓa mana shi ne molye, abincin masunta na wannan lokaci. Ta yi mana bayanin cewa daga Janairu zuwa Afrilu wani nau'in kifin kod da suke kira skrei yake baro Tekun Barents, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa gaɓar arewacin Norwe don ya zuba ƙwai, kuma duk shekara jiransa ake yi kamar yadda ake jiran kaka. Ana dafa tsokar kifin a ruwan gishiri, a dafa hantarsa daban da albasa, a dafa jakar ƙwansa daban, a kawo da dankalin turawa. Babu giya a ciki, babu nama. Kafin ta kai oda sai da ta shiga kicin ta tabbatar cewa tukunyar ba ta taɓa komai ba, ta dawo ta gaya mana.

Da aka ajiye farantin, tsokar fara fat take, tana rabuwa falle-falle da ɗan taɓi na cokali. Inna ta ɗanɗana man hantar ta ce ai wannan man kifin da ake ɗura wa yara ne a asibiti, sai dai wannan ba ya ƙarni. Gaskiyarta, shi ne. Da shi mutanen nan suka riƙa samun abin da rana ba ta ba su a watannin duhu. Ta ci loma biyu, sannan ta dube ni ƙasa-ƙasa ta ce, "Ko zan iya zuba yajina?" Na ji nauyin tambaya, domin na taɓa ganin inda ake ɗaure fuska a kan abin da bai kai wannan ba. Matar ta ce a zuba mana, har ta kawo ɗan ƙaramin kwano. Can sai ga mai girkin da kansa ya fito yana goge hannu, ya nemi izinin ya ɗanɗana. Ya lakata a kan tsokar kifi, idonsa ya kawo ruwa, ya sake lakata. Ya tambayi abin da ke ciki, Inna tana lissafawa ina fassarawa: barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba. Kimba ce ta gagare ni fassarawa, sai da na nuna masa hotonta a waya.

Da ya ji daga Najeriya muke sai ya koma ciki ya fito da busasshen kan kifi, mai tauri kamar itace. Inna ta karɓa ta jujjuya ta ce ta san shi, shi ne wanda maƙwabtanmu Inyamurai ke saya a kasuwa su sa a miya, okporoko. Ya ce daga tsibiran Lofoten ake kai shi. Ana rataye kifin a kan manyan katakai daga Fabrairu har wajen Mayu, ba gishiri ba hayaƙi, iska da sanyi kawai. Mafi kyawun jikin Italiya ke saya, kawunan kuma yawanci Najeriya ake lodawa. Shekara da shekaru Inna na wuce wannan kifi a kasuwa, ba ta taɓa zaton za ta zauna a ƙasar da ake shanya shi ba, har mai girki ya tsaya a gabanta yana tambayar ta yadda ake daka yaji.

Daga ƙarshe aka kawo multekrem, wasu 'ya'yan itace masu ruwan zuma da ke fitowa a fadamu a ƙarshen bazara, an gauraya da madara bugaggiya da sukari. Shi ma sai da aka duba mana cewa ba a sa masa sinadarin daskararwa na dabba ba. Kuɗin abincin ba kaɗan ba ne, a Norwe babu abinci mai araha, amma abin da aka rubuta shi aka karɓa.

Abin da ke damuna shi ne duk wannan bai ɗauki matar nan minti goma ba. Garin nan yanzu baƙi sun yi masa yawa a lokacin sanyi, wurare da dama sun koma a cika tebur a kwashe a sake cikawa, wanda ya yi tambaya ya zama mai ɓata lokaci. Mai tambaya kuwa ba don iyayi yake yi ba. Wani addininsa ne, wani ciwo ne da shi wanda loma ɗaya za ta kai shi asibiti. Kuma kada a ce halin Turawa ne kawai. A gida ma sau nawa za ka tambayi mai abinci ko miyar ta yau ce ya rantse maka, ka kai baki ka ji ta kwana? Sau nawa za a ga tsohuwa ta shigo a bar ta tsaye saboda ba ta yi kama da mai kuɗi ba?

Inna za ta koma Katsina a watan Maris. Ta ce kafin ta tafi a sake kai ta wurin 'yar nan mai tabarau tun skrei bai ƙare ba. Ta riga ta raba yajin gida biyu, ta zuba rabi a kwalba mai murfi, ta sa na rubuta sunayen kayan haɗin a takarda na manna a jiki, na mai girkinku ne. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara kasuwa.

Taku,
Wata 'yar Katsina mazauniyar Tromso