Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Kula Da Ƙananan Yara Da Masu Jego

Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne iyaye maza da mata, da ungozomomi, da malaman Islamiyya na gundumarka a nan birnin Kano. Ranka ya daɗe, kukanmu a kan yaran da ba su kai shekara uku ba ne, waɗanda makaranta ba ta san da su ba tukuna, asibiti kuma ba ya ganinsu sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Likitoci sun tabbatar cewa kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, a nan ake gina jikinsa da ƙwaƙwalwarsa. Yaron da ya tsumbure a wannan tsakanin da wuya ya cimma tsararsa daga baya, ko a tsawo ko a karatu. Mu da muke shiga gidaje muna ganin yadda abin ke farawa: a ba jariri ruwa ko jiƙo tun kafin suna, alhali nono zalla ake so har wata 6, a yaye yaro farat ɗaya don an samu ciki, a bar shi da koko tsura, babu gyaɗa babu waken suya a ciki. Uwar ba mugunta ta yi ba. Abin da ta taras ke nan, ga tsadar abinci, ga shi babu wanda ya taɓa zama da ita ya nuna mata wata hanyar. Kafin a ankara an yi ta zaryar kemis, sai ƙafa ta kumbura sannan a ɗauki Adaidaita zuwa asibitin yara na Hasiya Bayero ko na Murtala.

Ba mu manta yadda aka ci galabar shan inna ba. A 2003 Kano ce aka fi ambata wajen ƙin rigakafi, amma a watan Agustan 2020 aka bayyana Najeriya ta rabu da cutar ta asali. Allurar da ɗigon sun zo daga waje, sai dai ƙofar gida ba ta buɗe ba sai da mai unguwa ya tsaya a zaure ya yi magana da maigida. Wannan hanyar tana nan, daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har lungun da mota ba ta shiga. Mashaƙon da ya ɓarke a 2022 zuwa 2023, wanda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, ya nuna mana abin da ke biyo baya idan aka yi sakaci da wannan hanyar.

Babban roƙonmu shi ne a bi wannan hanyar a kai tarbiyyar ƙananan yara cikin gidaje. A zaɓi mata amintattu daga kowace unguwa, waɗanda ba a yi musu "ba shiga", hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta horar da su, su riƙa zagayawa gidajen masu ciki da masu goyo. Su auna damtsen yaro da tef ɗin awon tamowa, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tura shi asibiti ranar. Su nuna haɗin kunun gero da gyaɗa da waken suya da zogale. Sannan su koya wa uwa yi wa jariri magana da waƙa da wasa, domin mutanenmu da yawa suna ganin surutu da wanda bai iya magana ba ɓata lokaci ne.

An gwada wannan an gani. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 zuwa 1987, an ɗauki yara tsumburarru aka riƙa ziyartar iyayensu mata sau ɗaya a mako har shekara 2, ana koya musu wasa da yaran da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bibiye su, sai ga shi abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. A nan kusa da mu ma, a Jigawa da Zamfara, an yi shirin ba mai ciki Naira 3,500 duk wata har ɗanta ya shekara 2, tare da wayar da kai kan ciyarwa, kuma tsumburewa ta ragu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko. Muna roƙon Hakimi ya tambayar mana ƙaramar hukuma nawa ne ke isowa ɗakin shan maganinmu, a kuma farfaɗo da kwamitin raya mazaɓa mai sa ido kan harkar lafiya, da mata a cikinsa.

Sai maganar maza. Mace ba ta zuwa awo sai da izinin miji da kuɗin mota. Kalma ɗaya daga bakin Hakimi zuwa ga limamai, a ambata a huɗubar Juma'a da wajen raɗin suna, ta fi fastar da za a liƙa a bango. Tunda mai unguwa ba ya rasa labarin suna, ya riƙa rubuta kowace haihuwa a miƙa wa ma'aikatan rigakafi.

Masu bincike kuma, ko daga Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suke ko daga ƙungiyoyi, muna maraba da su. Roƙonmu a sharɗanta wa duk mai neman izinin shiga gidajenmu ya dawo ya faɗa mana abin da ya gano, da Hausa, a gaban jama'a.

Muna neman a sa mana ranar da wakilanmu za su zo gaisuwa su yi bayani baki da baki. Makarantun Islamiyyarmu a shirye suke su ba da aji da safe don awon yara.

Allah ya taimaki Hakimi.

Naka masu biyayya,
Iyaye, ungozomomi da malaman Islamiyya na gundumar