Wasiƙa zuwa ga aminina a Fatakwal

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya baƙunta? Shekaranjiya na leƙa gidanka na gaida Hajiya da yara, kowa lafiya. A bakin uwargidanka na ji cewa tun da aka mayar da kai Fatakwal ba ka ɗora tukunya ba, safe da rana da dare sai gidan abinci. Hankalina bai kwanta ba, domin hanyar nan na riga ka bin ta.

Ka tuna shekara biyun da na yi a Legas. Da safe ina teburin mai shayi, indomie da ƙwai uku da shayi mai kauri. Da rana soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza da lemo mai sanyi, da dare kuma tsire an bulbule shi da yaji. Ranar da jiri ya ɗebe ni a masallaci bayan la'asar, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura min abin awo har sau biyu, sannan ta dube ni ta ce, "Malam, da ƙafarka ka zo?" Tun ranar nake shan maganin hawan jini. Ba na so ka ji irin wannan tambayar.

Gishiri ne ya fi cutar da ni, domin ba a ganin sa a faranti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a wuni, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Mai sayar da abinci kuwa ciniki take nema, ba laifinta ba ne, dole ta saki hannu da magi da gishiri don a dawo gobe. Yajin tsire ma cike yake da su. Abin da na koya shi ne in buɗe baki. Nakan ce a zuba min miya a kwano daban, in riƙa ɗiba daidai buƙata, man da ya taso sama in bar mata kayanta. Wurin mai shayi kuma nakan tsaya a kansa ya sa rabin garin ɗanɗanon indomie kawai. Da farko ana min kallon mai iyayi, daga baya suka saba.

Kai ka ma yi sa'ar gari. Fatakwal ta shahara da bole, gasasshiyar agada da gasasshen kifi, kuma ya fi soyayyiyar kaza nesa ba kusa ba, sai dai ka ce a rage manjan da ake kwarara masa. Ga farfesun ɗanyen kifi. Ga miyan ganye irin su afang, ganye fal, amma ka riƙa tambayar naman da ke ciki da wanda ya yanka. Teba ko sakwara, malmala ɗaya ta ishe ka, tunda wuni kake a kujera.

Lemon kwalba kuwa don Allah ka rage. Robar rabin lita sukarinta ya haura cokalin shayi 10. Kada zoɓon sayarwa ya ruɗe ka, shi ma sukari ake zabga masa. Ka nemi ruwa, in kwaɗayin zaƙi ya taso ka sayi lemon zaƙi ko abarba a bakin hanya.

Akwai direban da zai taso daga nan ƙarshen wata. Zan ba shi busasshen zogale da acca da garin kuka ya kawo maka, ko ranar Lahadi ce ka dafa da kanka. Kafin nan ka shiga kemis ko asibiti a auna jininka, ka rubuto min abin da awon ya nuna.

Mutanen majalisa duk suna gaishe ka. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Amininka na Kano