Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga 'Yan Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoto

Assalamu alaikum, iyaye da yayye da ƙanne na Makka da Jidda. Ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a bana.

Ba mu fara fita da wuri ba. Arfa ta kama ranar 5 ga Yuni, yawancinmu kuma hidimar alhazai ta riƙe su, sai da baƙi suka ragu muka samu kanmu. Lokacin zafin Makka ya haura digiri 40, don haka babu wanda ya yi gardama da aka ce a hau dutse.

Fitar farko Hada ce da Shafa, a yankin Ɗa'if, garin da ke kan tudu na kimanin mita 1,800. A nan muka samu mafi kyawun hotunan shekara, kuma yawancinsu da waya aka ɗauka. Waɗanda suka kwana a Shafa suka fito bayan sallar asuba sun tarar da hasken bai yi ƙarfi ba, ganyen ar'ar, wata bishiyar kan duwatsu, da gonakin inabi da rumman duk sun fito da launinsu. Waɗanda suka taso daga Jidda da hantsi kuwa rana tsaka suka iso, hotunansu duk sun yi fari fat. Wata ƙanwarmu ta daɗe a tsugune gaban bishiyar barshumi, tsiron nan mai faffaɗan ganye da ƙaya da ake cin 'ya'yansa, sai da ta kama ƙudan zuma yana shiga fure, har garin furen da ya manne a ƙafarsa ana gani. Kwamiti ya zaɓe shi hoton shekara, duk da masu manyan kyamarori sun ɗan yi gunaguni.

Birran hanyar Hada sun sake yi mana ta'adi. Wani baffanmu ya sauke gilashi don ya ɗauki uwa da ɗanta a goye, wani ƙato ya zura hannu ya fizge ledar da murfin kyamararsa ke ciki. Daga yanzu ba a ba su abinci, ba a buɗe gilashi, a jawo hoton daga nesa.

Sababbin shiga sun tambayi ina wardin Ɗa'if. Ba lokacinsa ba ne. A Maris da Afrilu yake fure, kuma da sassafe ake tsinkarsa, mun sa shi a jadawalin baɗi.

Tafiyar Abha ita ta fi cin kuɗi, ita kuma ta fi ƙarancin amfani. Motar hayar ta makara, hanya ta cinye yini guda, muka isa a gajiye. A Suda, mai tsayin kusan mita 3,000, hazo yakan rufe dutse ya buɗe cikin 'yan mintuna, abin yana son mai zama ya jira, mu kuwa ana ta kiran a shiga mota. Rijal Alma ma a gurguje muka ga gidajen duwatsun nan masu ado da farin dutse. Tsuntsun nan mai baƙi da fari da doguwar jela, wanda ba a samunsa ko'ina sai duwatsun Asir, ko kukansa ba mu ji ba. Ra'ayin kwamiti shi ne baɗi a zaɓi wuri ɗaya a zauna, a daina zagaye kamar masu rabon katin biki.

Ramin Wahba, ƙaton ramin aman wuta da ke hamadar arewa maso gabashin Ɗa'if, mun ɗage shi zuwa lokacin sanyi, zafinsa ba na wasa ba ne.

Abu biyu kwamiti ba zai yi sassauci a kansu ba. Wuraren shaƙatawa cike suke da iyalai, kuma ɗaukar mutum ba da yardarsa ba laifi ne a dokar ƙasar nan, balle a ɗora shi a intanet. Jirgin nan maras matuƙi kuma ba a tashinsa sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama. Wanda ba shi da takarda ya bar nasa a gida.

Ma'aji zai karanta lissafin shige da fice a taro mai zuwa. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a taimaka a biya kafin ranar, da shi za a wanke hotunan baje koli. Kowa ya turo uku daga nasa a zauren WhatsApp, ya rubuta wuri da lokacin da ya ɗauka, kuma kada a cika musu gyaran launi.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti