Zuwa ga Abokan Cinikinmu na Jidda da Makka: Maganar Na'urorin Tankunanku

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwanmu.

Mun rubuto ne mu amsa laifi, mu kuma sanar da ku gyaran da muka shirya.

A watan jiya an kira mu cikin dare daga wani gidan wanki a Makka, irin masu wanke zannuwan gadon otal-otal. Ko da muka isa, ruwan sabulu ya malale har bakin ƙofa, ma'aikata biyu sun naɗe ƙafar wando suna ta kwarfa da bokiti, injin tura ruwan ma sai da mai gadi ya kashe shi da hannu. Allon na'urar da ke auna yawan ruwan tanki kuwa yana nan yana cewa tanki bai cika ba. Mu muka zaɓi na'urar nan, mu muka bar ta ita kaɗai a kan tankin, saboda haka nauyin yana wuyanmu.

Yawancin waɗanda muka ɗaura muku masu aiki da sauti ne. Na'urar tana aika wata ƙara da kunne ba ya ji, ta bugi saman ruwa ta dawo, daga lokacin da ta ɗauka sai ta gane nisan. A kan tsabtataccen ruwa a inuwa ba ta da makusa. Amma kumfa tana shanye ƙarar, amsa ba ta dawowa. Kuma akwai tazarar kusan santimita 30 a ƙarƙashin bakinta inda ba ta gani sam. Abin da ya faru a Makka ke nan.

Sai kuma rana, wadda ita ta fi damunmu, domin ɓarnarta a ɓoye take. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne, kowane ƙarin digiri ɗaya kuma yana ƙara masa kusan mita 0.6. Na'urar tana da ma'aunin zafi a kanta don ta gyara lissafi, to amma kan nata yana gasuwa a rana, iskar cikin tanki ba ta kai shi zafi ba. Bambancin digiri 10 a nisan mita 4 yana jawo kuskuren santimita 7. A zagayayyen tanki mai faɗin mita 3, wannan ya kusa lita 500. Duk wanda ya taɓa tsayawa da direban wayit, wato tankar ruwa, da azahar, takardarsa na faɗin abu ɗaya allonku na faɗin wani, ya san ɗacin wannan. Wani lokacin direban ne mai gaskiya, kuma muna jin kunyar hakan.

Ga abin da za mu yi kafin cunkoson Ramadan, lokacin da injunanku ba sa hutawa. Kowane tanki za mu ƙara masa awwama, ƙwallon nan da ruwa ke ɗagawa ya yanke wuta, a kan wayarta daban, ko allo ya ruɗe ita za ta tsayar da injin. Wannan da 'yar rumfar da za mu kafa wa na'urorin da ke rana, ba za ku biya ko riyal ɗaya ba. Tankin sabulu ya fi dacewa da ma'aunin da ke zama a ƙasa yana jin nauyin ruwa, kumfa ba ruwansa da ita. Na dizal da na ruwan zafi kuwa shawararmu na'urar rada, mai aiki da igiyar rediyo, wadda zafin iska ba ya canza mata lissafi. Ta fi tsada, ba za mu ɓoye ba, amma za mu karɓi tsohuwar mu rage muku kuɗi.

Roƙonmu ɗaya ne. Don Allah idan na'ura ta tsayar da injin, kada a sa yaro ya haɗa waya kai tsaye don aiki ya ci gaba. Kuma ku lura: saƙon da take aikawa tsakanin miliamfiya 4 ne zuwa 20, wato awon wutar da ke bin wayarta. Huɗu shi ne tanki ya ƙare. Idan ya faɗi zuwa sifili, waya ce ta tsinke ko wuta ta yanke mata, ku kira mu, ko ƙarfe nawa ne.

Za mu fara da gidajen wanki na Makka, sannan masana'antun Jidda. Ranar da za mu zo, a ware mana awa ɗaya da injin zai tsaya, a kuma tanadi tsani.

Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku,
'Yan uwanku masu ɗaura na'urorin tanki, Jidda