Shuɗina Ya Kusa Ƙarewa

Assalamu alaikum, mutumina sarkin shiru.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya sanyin Paris, ya karatu? Na san za ka ce ni na fara ɗauke ƙafa. Mu ajiye wannan shari'ar sai ka dawo, Baba ya zaunar da mu ya raba gardama. Hajiya ce ta ce lallai in tambaye ka ko za ka zo gida Sallar nan, don ta san ko za a gyara ɗakinka ko a bar Auta ya ci gaba da mulkinsa a ciki. Amma tsaya tukuna, akwai labari.

Sandunan fentin nan da ka aiko mini sun jawo ciniki. Wallahi ciniki na gaske, har da kafin alƙalami a aljihuna.

Ranar da suka iso Auta ne ya riga ni buɗe kwalin. Ya ɗauki ɗaya ya goga a bangon zaure, ko ɗigon launi bai fito ba, ya shigo yana shela wai abokina ya aiko mini da mataccen kaya daga Turai. Bai san fata ce a jikinsu ba. Fentin mai ne sosai, garin launi da man linsid, aka haɗa da kakin zuma kaɗan don ya daskare ya zama sanda. Duk inda iska ta taɓa sai ya bushe ya yi fata. Kana murje ta da tsumma ko ka kankare da wuƙa, sai ka tarar da cikin da laushi kamar man shanu. In ka ajiye, bayan kwana ɗaya ko biyu wata fatar ta sake rufe bakin. Ita ce murfinsa. Ba bututun da za ka matse, ba faranti, ba burushin da za ka kwana kana wankewa da kananzir.

Ka san shekarun da na yi ina rubutun allon shaguna da bayan tifa, kullum burushi ne tsakanina da aikin. Tun zamanin da muke zane da gawayi a bayan aji rabona da in ji hannuna yana taɓa abin da nake yi kai tsaye. Wannan sandar ta dawo mini da hakan. Layi da launi a lokaci guda suke fita. In na danna da ƙarfi ta bar tudu, in na sassauta ta bi ƙwayar yadin ta bar ɗan fari-fari a tsakani. In ina son launi biyu su shiga juna, babban yatsana ya isa. In kuma siririn layi nake nema, ƙusa nake sawa in karce na sama, na ƙasa ya leƙo. Abu ɗaya da ba ta iyawa shi ne ƙananan abubuwa, irin ƙwayar ido ko zaren aska takwas a wuyan riga. Nan dole ka lakato fentin da ƙaramin burushi. Ni kuwa hakan ya yi mini daidai, don ta raba ni da ƙaƙale-ƙaƙalen da malaminmu na Zariya yake cewa zai kashe mini aiki.

Marinar Ƙofar Mata na zana. Ramukan baba, da turamen yadi a shanye, da wani dattijo ya sunkuya ya juya baya, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu. Na jingine shi a ƙofar shago yana shan iska, sai ga Alhajin nan mai gidan sama na layinku ya tsaya da mota. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mahaifinsa marini ne. Nan take ya ce yana son irinsa amma babba, wanda zai cika bangon falo, kafin tarewar sabon gidansa.

Ka san shi da ciniki. Da na faɗi kuɗi sai ya ce ai wannan kirayon yara ne. Na ce Alhaji, akwai wani yaro baƙar fata a New York, Jean-Michel Basquiat, da irin wannan sandar yake rubuce-rubuce da zane a kan ayyukansa. A 2017 aka sayar da wani zanen ƙoƙon kai da ya yi a 1982 kan dala miliyan 110.5, wani attajirin Japan ya saya. Alhaji ya ce to shi yaron nawa ya samu? Na ce ya rasu tun 1988, yana da shekara 27. Ya ce, "Ka ga ni kuwa da ranka zan biya ka, sai ka rage." Ban sami amsa ba, na rage. Af, ka san Basquiat ɗin ya taɓa zuwa Abidjan a 1986 an baje ayyukansa? Ka gaya wa abokin ɗakinka ɗan Kwaddibuwa, ya daina cika mana baki da ƙwallo kaɗai.

To ga inda damuwar take. Na fara babban zanen, amma abin ba ya bushewa da wuri, kuma hunturu ya kama. Fentin mai ba ruwa ne ke fita daga jikinsa ba, iska yake sha a hankali har ya ƙame, don haka fanka ba ta yi masa wani abin kirki sai dai ta kwaso masa ƙura. Launin ruwan ƙasa ya bushe cikin kwana biyu. Shuɗi mai duhun nan ma bai ba ni wahala ba. Amma farin da na tula a kan turamen yadin, har yau in ka taɓa sai ya biyo yatsa. Ga hazo ya rufe gari, ƙura tana shigowa ta ko'ina, duk wadda ta sauka a kan ɗanyen fenti kuma ta zauna ke nan har abada. Yanzu haka zanen yana cikin gidan sauro, fuskarsa na kallon bango, ina yayyafa ruwa a ƙasa safe da yamma, na toshe taga da tsohon zanen gado. Ni nake kwana a waje sauro na cizo, shi yana ciki. Uwargida ta ce ko lokacin da take jego ban yi mata wannan hidimar ba.

Alhaji kuma kullum sai ya aiko direba. Shi fentin gida ya sani, a shafa da safe a jingina da yamma. Na yi masa bayani cewa ko ya bushe a taɓa, cikinsa sai ya yi watanni, kuma ba a shafa masa banish, man ƙyallin nan na ƙarshe, sai bayan wata shida ko fiye. Ya ce in dai ba zai ɓata wa baƙi babbar riga ba, a kawo. Ina tunanin in kai in rataye da kaina, can sama inda hannun jikokinsa ba zai kai ba.

Kafin in manta, mai shayinmu ya ƙara aure, kuma a wurin ɗaurin auren ma sai da ya tuna mini da bashinka. Ya ce madara biyu da ƙwai, bai yafe ba. Ɗan gidan liman ya sami aikin da yake nema, yanzu gaisuwa ma da ka yake yi. Kawu ya zo shago ya ga zanen, na shirya jin wa'azin zanen mai rai, sai ya zagaya ya ga dattijon ba fuska, ya ce, "To, wannan da sauƙi." Har ya tambaya ko ramin da ke gefen hagu na gidan su wane ne. Ka ji fa.

Wani abin da zai ba ka dariya: 'yan uwan wannan sandar, masu araha, da su ake sa wa shanu da tumaki alama a Amurka, da su kuma ake rubutu a jikin ƙarfe a masana'antu. Richard Serra, mai sassaƙa da manyan faifan ƙarfe, da baƙar irinta ya riƙa cika takardu da yadi baƙi ƙirin. Na ce wa uwargida in zane ya ƙi ciniki, kasuwar Wudil na nan ranar Juma'a, sai in koma sa wa shanu lamba.

Tsumman da nake goge hannu kuwa a gwangwanin ruwa nake jiƙa su, don tsumma mai man linsid in aka dunƙule shi aka tara yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Ja da rawayan nan masu kadmiyam kuma guba ne, sai na wanke hannu da sabulu sosai kafin in doshi tuwo. Abin da nake jira in gani shi ne bazara. Kaki da zafin Kano ba sa shiri, na riga na share musu wuri a gindin randa.

Yanzu ga aikenka, kuma kada ka ce jarrabawa. Shuɗina saura guntu, ina riƙe shi da farce, babban zanen kuma rabi ramuka ne. Ka je shagon Sennelier da ke Quai Voltaire, bakin kogin Seine, tsallaken gidan tarihin Louvre. Tun 1887 yake wurin, ba zai ɓace maka ba ko da wannan Faransancin naka na kame-kame. Ka kula, suna da wani mai kama da shi, fastel na mai, wanda suka yi wa shahararren mai zanen nan Picasso a 1949. Kyakkyawa ne, amma shi ba ya bushewa sam, sai an sa shi a bayan gilashi, kuma a ƙurar nan tamu ba zai kai labari ba. Ka ce musu sandar fentin mai kake so, mai bushewa. Shuɗi mai haske biyu, mai duhu biyu, fari babba ɗaya, da marar launin nan da ake haɗa launuka da ita. In kuɗinka ya kai, ka ƙara ruwan goro.

Kuɗin zan ba Yaya a nan, ku daidaita tsakaninku. Matar ɗan ajinku za ta taho ƙarshen wata, ka ba ta, ka naɗe su da kyau kada su karye. Kilishin da ka roƙa ba zai wuce masu bincike a filin jirginku ba, don haka yaji da kuka zan ba ta in za ta koma.

Kowa yana gaishe ka, ban da mai shayi.

Naka,
Amininka na Kano