Wasiƙa kan kalmar tongue da 'ya'yanta

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, sanyin Ingila kuma bai takura muku ba. Ka ce maganganun Turawa masu kalmar tongue suna rikita ka a wurin aiki. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne: a inda Bature ya ce harshe, Bahaushe sau da yawa baki yake cewa.

"Slip of the tongue" suɓutar baki ce. "On the tip of my tongue" shi ne namu na "sunan yana bakina, ya ƙi fitowa". "Silver-tongued" mai daɗin baki ne, amma fa akwai ɗan zargi a ciki, kamar yadda muke kallon dillalin da ya cika zaƙin magana.

Wurin da mutanenmu ke yawan tuntuɓe shi ne tsakanin "hold your tongue" da "bite my tongue". Na farko tsawa ce, daidai da "kama bakinka", kuma tsohon yayi ne. Kada ka kuskura ka faɗa wa maigidanka ko abokin aiki. Na biyu mutum yana ba da labarin kansa ne, cewa magana ta zo masa ya haɗiye don gudun rigima. Shi ma "cat got your tongue?" tsokana ce da ake yi wa yaro ko aboki idan ya yi gum, ba ta shiga taron ofis.

"Tongue-in-cheek" gatse ne. Mutum zai faɗi abu fuska a murtuke alhali zolaya yake. Turawan Ingila sun ƙware a wannan, don haka kafin ka fusata ka dubi fuskokin sauran mutanen ɗakin.

Idan ungozoma ta ce jariri yana da "tongue-tie", ba karin magana take ba. Fatar da ke ƙarƙashin harshensa ce ta yi gajarta har tana hana shi kama nono sosai, kuma ƙaramin aiki ne a asibiti. "Tongue-tied" kuwa babba ne da kunya ta ɗaure wa baki.

Game da rubutu, tongue ne, kada ka sa u kafin n. Wajen furuci kuma haruffa biyun ƙarshe ba a faɗarsu: ka ce "tang", ba "tongu" ba.

A gaishe da Hajiya da yara.

Naka,
Abokinka